Ranar da Baba Ya Kira Ni Gana

Masu turo mini saƙo kuna cewa "Gana ki yi haƙuri, ki bar wa Allah", na gode, amma kun makara. Na riga na aikata. Kuma ko yanzu aka maido ni ranar Asabar ɗin nan, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai in ƙara kwalli. Ku da kuka shigo yau, ku zauna in gaya muku ko ni wace ce, kada ku yanke mini hukunci a tsaye.

Sunana Gana Kyari, shekarata talatin da biyu. A Zango aka haife ni, nan Damagaram. Kakanninmu fatake ne daga Barno, babana kuwa, Alhaji Kyari, dillalin fatu ne, irin mutumin da in ya gan ka sau ɗaya, ko bayan shekara goma zai kira sunanka da na ubanka. Ina karatun ilimin sinadarai a Yamai aka fara ce mini Baba yana ɓata hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana salla a ciki. Shi ya sa da na samu tafiya Faransa yin doktora, ban yi shawara da kowa ba na zaɓi abin da zan karanta.

Ga aikin nawa a taƙaice. A jikin mutum akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira furotin. Kowanne dogon zare ne, kuma ba ya aiki sai ya naɗe kansa daidai. In naɗin ya karkace, sai su riƙa manne wa juna suna yin gudaji irin na kunun da aka dama da gaggawa. Irin wannan gudajin ake samu a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa, ciwon Baba ke nan. Na dawo gida da na'ura ɗaya da firigo ɗaya na sanyaya kaya, aka ba ni wani ɗan ɗaki na mai da shi labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Shekara uku ina zuba furotin a ƙananan kwalabe, ina haɗa shi da ruwan ganyayyakinmu, ina duba ko akwai wanda zai rage gudajin. Na'urar tana zana layi: in layin ya hau, gudaji ya yi; in ya kwanta, bai yi ba. Ana ɗauke kuran, wato wutar lantarki, zafi yana lalata mini aikin mako guda, in share hawaye in sake.

A gida kuwa ciwon Baba sirri ne. Inna, Hajiya Fanta, ita ta kafa dokar. "A garin nan ba a san mantuwa ba, hauka aka sani," in ji ta. "Kuna da ƙanne biyu ba su yi aure ba. Duk wadda ta fitar da maganar nan ban yafe ba." Shekara huɗu Baba bai leƙa ƙofar gida ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai a ce hawan jini ne, yana barci.

Kullum da safe ni nake kai masa shayi. Yakan ɗago ya dube ni da fara'arsa ta dā, ya kira ni da sunan da ya zo masa. Yawanci Hajara, ƙanwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Wani lokaci Bilkisu, mahaifiyarsa. Wani lokaci Lami, wadda har yau ba mu san ko wace ce ba, kuma duk ranar Lami Inna ba ta yi wa kowa dariya. Sai na ɗauki wata ɗabi'a: in na isa labo, sunan da Baba ya kira ni da shi ran nan, shi nake sa wa dosiyen aikin ranar, wato fayil ɗinsa, a ordinatar, kwamfutata ke nan. Hajara ta fi ɗari huɗu. Bilkisu ta kusa ɗari biyu. Gana kuwa guda ɗaya ce tak, ranar sha huɗu ga Maris ɗin bara. Ku riƙe wannan.

Sai Idris.

Dokta Idris malami ne, masanin tsirrai, ɗan unguwar Kara-Kara. Dogo, mai shadda da sitaci, hula a karkace, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Shi yake kawo mini ganyen sabara daga wajen wani manomi a Hamdara, ya tace mini ruwansa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya tace ganye. Ya kuma iya magana. Shi ne namiji na farko da ya zauna ya saurari bayanin furotin har ƙarshe bai duba waya ba. Ya ce kaina yake so kafin fuskata. Ni kuwa shashasha na ji daɗi, ban san da gaske kan nawa yake so ba.

Inna ta kusa taka rawa. An gaji da jin "Dokta ce amma ba miji". Aka kawo lefe akwati shida, lafaya kaɗai goma sha biyu, aka sa rana bayan Babbar Salla. Idris bai taɓa ganin Baba ido da ido ba, daga bakin ƙofa yake gaisuwa Inna ta amsa masa.

Wata Alhamis ya zo labo, da kiran soyayyar nan nasa na Faransanci, ya ce, "Sheri, ara mini ordinatar ɗinki in tsara katin bikinmu, tawa ta lalace."

Na ba shi. Har da caja na haɗa masa.

Akwai wata gidauniya ta 'yan kasuwa da ta gina sabon labo a garin nan, ta ce wanda aikinsa ya fi shi zai riƙe shi. Na so shiga gasar, Idris ya ce, "Haba amarya, da hidimar biki? Bari sai baɗi." Na bari.

Wata biyu bayan haka, ina tsakar gida ina tsince zogalen dambu, waya ta yi ƙara. Ƙanwar Idris ce ta turo hoto a gurup ɗin biki: Idris cikin farar shadda, hannu a ƙirji. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ranar Asabar zai gabatar da bincikensa a kan ganyen sabara da ciwon mantuwa, shi ne kan gaba cikin mutum ukun da suka rage. A gefen hoton ga zanen layi biyu, ɗaya ya hau, ɗaya ya kwanta shamɓal. Na na'urata ne. Na duba sama, na duba ƙasa, na ƙara girman hoton har ya dushe. Babu sunana ko a cikin godiya.

Nan take na kira shi.

"Idris, mene ne wannan?"

"Ah, kin gani? So na yi in ba ki mamaki."

"Aikina ne."

"Aikinmu. Wa ya kawo ganyen?"

"Ina sunana?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa. "Sheri, nan da wata biyu sunana ai naki ne. In na samu labon, wa zai shiga ya yi aiki in ba ke ba? Su 'yan kasuwan nan ba za su danƙa wa mace gini ba, kin sani. Bon, ki kwantar da hankali."

Na samu Inna a ɗaki tana turara lafaya a kan kasko. Na gaya mata komai. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To mene ne? Ba mijinki ba ne?"

"Inna, shekara uku fa. Don Baba na yi."

"Ki rufe mini baki. Takarda ce za ta aure ki? In ya ɗaukaka ai ke kika ɗaukaka. Ki je ki ba tela ankonki."

Na koma ɗakina na zauna bakin gado. Kuka ya ƙi zuwa. Sai na sake buɗe hoton, don in ƙara wa kaina ciwo. Wannan karon kwantaccen layin na tsura wa ido. A shekara ukun nan sabara ba ta taɓa kwantar mini da layi haka ba. Tana ɗan jinkirta gudajin, kaɗan, wani lokaci ma ba ta yi. Daga ina ya samo wannan? Sai na hango ƙananan haruffa a kusurwar zanen, waɗanda na'ura ke bugawa da kanta: Gana, 14-03.

Jama'a, na yi dariya har ƙanwata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ya buɗe ordinatar ɗina ya tarar da Hajara da Bilkisu da Lami rututu, bai san kansu ba. Sai ya ga guda ɗaya mai sunana, ya ce to, nan ta ɓoye babban sakamakon. Ya buɗe ya ga layi a kwance, ya ga labo, ya ga mota. Abin da bai ɗauka ba shi ne kayena, littafin da nake rubuta komai da hannu, wanda ba ya rabuwa da jakata.

A nan ne zan faɗi laifina, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Ina iya gaya masa. Saƙo ɗaya ya isa ya janye. Na ma ba shi dama ɗaya, na rubuta:

"Ka maimaita gwajin nan da hannunka kuwa?"

Ya amso: "Sau uku, sheri. Ki yi kyau ran Asabar." Har da hoton zuciya.

Sau uku. Mutumin da bai san inda ake kunna na'urar ba. Na ajiye wayar na tafi wajen tela. Na ce a yi mini ɗinkin da ya fi na kowa.

Ranar Asabar zauren otal ɗin ya cika maƙil. Kun san mu, ba a zuwa irin wannan taro a ɓoye. Danginsa sun yi anko shuɗi mai ratsin zinariya, mu ma aka sa mu ciki. An zo da kulolin dambu da kilishi da lemo, har da mai guɗa. Hajiyarsa ta zaunar da ni kusa da ita a layin gaba, tana nuna ni tana cewa "ga amaryarmu". Inna tana dama da ni, humrarta ta cika layin. Ni kuwa na sha lalle, na ja kwalli, jakata a kan cinya na riƙe ta da hannu biyu.

Ya yi magana minti talatin, kuma wallahi ya iya. Har misalin kunu ya ɗauka, nawa, wanda na ba shi ranar da ya fara zuwa zance. Da ya nuno kwantaccen layin a bango ya ce, "Ganyen da awakinmu ke ci ya hana gudajin nan gaba ɗaya," sai tafi ya ɓarke. Alƙalai uku suna gyaɗa kai. Shugabansu, Farfesa Umaru, dattijo mai furfura da ya zo daga Yamai, shi kaɗai ya ɗan tsuke fuska yana duban layin ta saman tabarau.

Aka ce masu tambaya. Na ɗaga hannu.

Inna ta mintsine ni a cinya. Na miƙe. Da Hausa na yi, don ina so kowace mai anko ta ji.

"Dokta Idris, sannu da ƙoƙari. A kusurwar zanen nan an rubuta Gana. Me ya kawo wannan sunan?"

Ko gezau bai yi ba. Ya dafa ƙirji ya yi murmushi. "Sunan wadda zan aura ne. Na sa wa aikin da ya fi soyuwa a gare ni sunan matar da ta fi soyuwa a gare ni."

Mai guɗa ta rangaɗa. Mata suna "ayyururui", Hajiyarsa tana share ƙwalla. Na jira suka gama. Duk wani ɗan tausayin da ya rage mini, a cikin guɗar nan ya ƙone.

"Na gode. To furotin nawa ka zuba a kwalaben da ke da sabara?"

Ya faɗi adadin da na saba zubawa. Ya yi haddarsa.

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Na buɗe jaka na fito da kayen. Sai a lokacin na gane abin da ban so in gane ba duk makon nan: ba yadda za a yi in karanta rabin shafin in bar rabi. In ban faɗi dalilin sunan ba, maganata ce da tasa, kuma shi ne mai shadda da makirfo. Na dubi Inna. Ta gane. Ta girgiza kai a hankali, leɓenta yana cewa "kar ki".

Na karanta.

"Sha huɗu ga Maris. Yau da na kai shayi, Baba ya dube ni ya ce, Gana, kin rame, ba kya cin abinci ne? Shekara biyu ke nan rabon da ya san ni. Na yi kuka a kan babur ɗin kabu-kabu har labo. Na cika kwalaben farko daidai, sauran kuma hawaye ya hana ni gani. Da yamma na tarar da furotin ɗinsu a firigo ban taɓa shi ba. Kwalaben sabara ruwa ne da ganye kawai. Gwajin yau ya lalace, kada a yi amfani da shi."

Na ɗago kai daga kayen.

Na ce, "Babana Alhaji Kyari ba hawan jini ne da shi ba. Ciwon mantuwa ne. Ba hauka ba ne, ba jifa ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo. Kullum sunan da ya kira ni da shi nake sa wa aikina. Layin nan bai kwanta don sabara ta yi magani ba. Ya kwanta ne don babu abin da zai yi gudajin. Dokta, cikin dosiye sama da ɗari bakwai, wanda babu komai a ciki ka sata."

Farfesa Umaru ya miƙo hannu. Na kai masa kayen. Ya duba kwanan watan, ya duba bango, ya yi ta buɗe shafuka baya da gaba, ya daɗe. Sannan ya cire tabarau.

"Dokta Idris, wace ce Hajara?"

Idris ya waiwaya ya dubi zanen da ke bango.

"Bilkisu fa?"

Gumi ya jiƙa wuyan shaddar nan mai sitaci. Ina kallonsa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Daɗi sosai, har cikin ƙashina.

Farfesa ya juyo gare ni. "Madam, ainihin sakamakon fa?"

"Kaɗan ne, Farfesa. Tana jinkirta shi kaɗan, a kwalba, ba a jikin mutum ba. Ban isa in ce wa kowa magani ne ba."

"Wannan kaɗan ɗin nake so in gani. Ki kawo mini shi ranar Litinin, da sunanki a kai."

Ba a buɗe kulolin dambun nan ba. Hajiyarsa ta ja lafayarta daga jikina kamar na shafa mata wani abu. Muka shiga mota ni da Inna muka koma Zango. Da muka shiga zaure ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Kin samu sunanki. Kin sayar da na ubanki." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. A nan kukan da ya ƙi zuwa mako guda ya zo, na durƙusa a zauren da ankona na yi shi.

Washegari da hantsi aka aiko daga Kara-Kara a karɓi akwatuna. Ni da kaina na jawo su, shida cif, na ce a buɗe a duba ko allura ta ɓata. Motar tana tashi sai ga sallama. Malam Nomau ne, tsohon abokin cinikin Baba, da sandarsa, da wasu dattawa biyu a bayansa. Labari ya gama gari.

Inna ta fito bakin ƙofa. Na ga bakinta ya ɗauko "yana barci", don ya saba.

Malam Nomau ya riga ta. "Hajiya, yayata ma haka ta yi kafin ta rasu, mu ma muka ɓoye ta. Shekara huɗu kuna mai da ni daga ƙofar nan. Ba sai ya gane ni ba. Ni na gane shi."

Inna ta dube shi. Sannan ta juya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ɗauko kujerarsa."

Muka fito da Baba ƙofar gida, cikin farar riga da hular da Inna ta karya masa da hannunta. Hasken ya sa ya runtse ido. Ya dubi titi, ya dubi masu kabu-kabu, ya dubi tsohon da ke tsaye gabansa.

"Nomau ɗan Ɗanƙarami," in ji Baba. "Ina ka shiga haka?"

Malam Nomau ya yar da sanda. Inna ta rufe fuska da lafaya ta koma ciki da sauri. Ban da zancen kujerar nan, har yanzu ba ta yi mini magana ba, amma da rana na tarar an rufe mini tuwona a ɗaki, da man shanu a kai.

Baba ya waiwayo ya gan ni a bakin zaure.

"Hajara, kawo wa baƙi shayi mana."

Na kawo. Sunan da zan sa wa dosiyen da Farfesa ke jira ke nan, a ƙarƙashinsa kuma nawa, cikakke.

Yau Litinin. Kiran Idris goma sha bakwai na tarar a waya, da saƙo ɗaya: "Ina ƙofar labo. Ba zan tafi ba sai mun yi magana." To ya tsaya. Kayena yana jaka, ranar Damagaram ta fara zafi, ni kuma ban ma fara jan kwalli ba.